Kafin Mu Tura Hoton Baftisma, Mu Duba Bayansa

 Ina roƙo ku yi haƙuri da ni, gama maganar da na kawo yau za ta yi kama da ta yara masu latse-latsen waya. Amma ta dattawa ce, domin ta shafi amanar mutanen da aka danƙa a hannunmu.

Waɗanda suka manyanta za su tuna yadda ake ɗaukar hoto a dā. Mai hoto ya zo da kyamararsa ran Kirsimati ko ran ɗaurin aure, ya ɗauka, ya tafi birni ya wanke, bayan mako biyu ya dawo da shi cikin ambulan. In ka juya bayan hoton za ka ga hatimin shagonsa, wani lokaci har da kwanan wata, maigida kuma ya ƙara da biro: wane da wance, a wuri kaza, shekara kaza. Wannan rubutu kowa yana ganinsa. In ba ka so baƙo ya karanta, sai ka shafe, ko ka ƙi ba shi hoton.

Hoton waya ma yana da rubutu a bayansa, sai dai ido ba ya ganinsa, ba kuma kai ne ka rubuta ba. Duk sa'ad da ka latsa, wayar tana ajiye hoton tare da wasu bayanai a cikin fayil ɗaya: ranar da aka ɗauka, da sa'a har da daƙiƙa, da sunan wayar da samfurinta, ko Tecno ce ko Itel ko Infinix. Masu ƙera kyamara na ƙasar Japan ne suka tsara wannan a 1995, suka sa masa suna EXIF, da kyakkyawar niyya, domin mai ɗaukar hoto ya tuna yadda ya saita kyamararsa. Daga baya aka ƙara gurbin rubuta wuri. Yanzu in lokeshin yana kunne, an kuma ba kyamara izini, wayar tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, ta lissafa inda take, ta rubuta amsar da lambobi biyu dogaye. A yankinmu na farkon yana farawa da 11, na biyun da 9 ko 10. Duk wanda ya kwafi lambobin nan ya zuba su a taswirar Google, za ta nuna masa wurin. A fili, inda babu rufi, kuskuren waya mai kyau ba ya cika wuce mita 5. Wannan kuwa ya isa a bambanta gidanka da na maƙwabcinka.

Kada wani ya ce ai ƙauyenmu babu sabis. GPS ba ruwansa da sabis ko data, sauraron sama kawai yake yi. Hoton da aka ɗauka a bakin rafi, inda ko kira ba ya shiga, yana iya fitowa da adireshinsa cif, ya zauna cikin waya yana jiran ranar da mai ita zai shiga kasuwar Sara ya sami netwok ya tura.

Ni ma ban san wannan ba sai da na sha kunya. An ba ni aikin haɗa rahoto zuwa ga wasu abokan aikin bishara da ke taimakonmu daga nesa. Cikin rahoton akwai labarin wani saurayi da danginsa suka juya wa baya, wani dattijo ya karɓe shi yana zaune a gidansa har ƙura ta lafa. Na yi hattara iyakar saninna. Ban rubuta sunansa ba, na ce "wani ƙauye a arewa", na zaɓi hoton da ya juya baya yana ban ruwa a lambu. Da yake sun ce suna so hoto ya fita tas, sai na tura ta imel kamar yadda ya fito daga kyamara. Bayan kwanaki ɗan ƙanena da ke karatu a Dutse ya zo hutu, ina nuna masa aikin da na yi ina jin daɗi. Ya karɓi wayar, ya taɓa ɗigo ukun nan na sama, ya shiga wurin bayanan hoto, ya miƙo mini yana cewa, "Baba, ka ga wannan?" Sai ga ƙaramar taswira da jan alama. Ya buɗe ta da yatsu biyu, na ga hanyar da ta ratsa gonaki, na ga shingen gidan, har da inuwar ɗorawar da ke bayansa. Na ɓoye suna, na ɓoye fuska, amma na aika da kwatancen gida a aljihun wasiƙa. Mun gode wa Ubangiji ba abin da ya faru, mutanen kirki ne suka karɓa, suka kuma goge da muka roƙe su. Amma da sun ɗora shi a shafinsu na intanet yadda yake, kowa a duniya zai iya sauke shi ya karanta abin da yaron nan ya karanta.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A maganar waya kam, ranar nan yaro ne ya hango, ni ina gindin rimi.

Ba mu kaɗai ne wannan ya taɓa ruɗa ba. A watan Disamba 2012 wani attajirin Amurka mai suna John McAfee, wanda ya yi suna wajen ƙera rigakafin ƙwayar cutar kwamfuta, yana gudun 'yan sandan ƙasar Beliz da ke so su yi masa tambayoyi a kan kisan maƙwabcinsa. 'Yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka ɗauke shi hoto da iPhone, suka sa a intanet suna taƙama cewa su sun san inda yake. Ba a jima ba masu karatu suka buɗe bayanan hoton suka ga yana ƙasar Gwatemala. Bayan kwana biyu aka kama shi a can. Rundunar sojan Amurka kuma da bakinta ta ba da labari a 2012 cewa a 2007, a Iraƙi, sojoji sun ɗauki hoton sababbin jirage masu saukar ungulu suka sa a intanet, abokan gaba suka karanta lambobin wurin, suka harbo, jirage huɗu suka lalace. In masanin kwamfuta da sojojin Amurka sun yi tuntuɓe a nan, sakataren ikilisiyar ƙauye ba shi da dalilin ganin ya fi ƙarfin abin.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, gama an riga an faɗa mini: "Wa za mu ɓoye wa? Kowa a Maruta ya san inda majami'a take, ya san gidan fasto, ya san ranar da muke sujada." Gaskiya ne, kuma ban ce mu ɓuya ba. Majami'a ba gidan asiri ba ce. Maƙwabtanmu Musulmi tare muke cin kasuwa, tare muke gayya, suna zuwa mana gaisuwar mutuwa muna zuwa musu suna. Mutumin da ya san kakanka ba ya bukatar lambar GPS kafin ya zo ƙofarka, in ya zo kuwa galibi da alheri yake zuwa. Wanda nake tsoro shi ne wanda bai san ka ba, bai taɓa shan ruwan randarka ba, yana zaune a wani gari mai nisa, aka turo masa hotonka da ƙagaggen bayani a ƙasa. Shi ba ya jin kunyar kowa a garinmu. Abin da ya rage masa kawai ya san wurin, mu kuwa sai mu ba shi kyauta.

Mun ga yadda magana ke gudu. A watan Satumba 2006 an ƙone majami'u da dama a Dutse bayan zargin ɓatanci da aka yi wa wata mata, a lokacin kuwa da baki ne labari ke tafiya, waya mai kyamara sai wane da wane. A watan Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, a kan saƙon murya da ta sa a guruf ɗin WhatsApp na ajinsu. Bayan kwana takwas, nan kusa da mu a Warji ta Jihar Bauchi, wata ma'aikaciyar lafiya ta tura bidiyo game da wannan kisa a guruf ɗin abokan aikinta, rikici ya tashi a Katanga, aka kama ta, ta shafe fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin ta sami beli a Disamba 2023, kotu ta sallame ta a Disamba 2024. A cikin waɗannan ba lambar bayan hoto ce ta jawo masifa ba, kada a ce na ce. Na kawo su domin abu ɗaya: dukan matan biyu cikin guruf na mutanen da suka sani suka yi magana, maganar kuwa ta tsallake katanga cikin sa'o'i kaɗan. Magana zarar bunu ce, hoto ma haka. In ya fita ba ka da iko a kan hannu na biyu da na goma da zai shiga. Iyakar ikonka shi ne abin da ka bari ya tafi da shi.

Akwai kuma hotunan da wurinsu asiri ne ko da a cikin zaman lafiya. Sabon mai bi da bai riga ya faɗa wa iyayensa ba. Yarinyar da ta gudo daga auren dole aka ajiye ta wurin wata uwa a zumuntar mata. Matar da miji ke duka, ta koma wani gari ya huce. Gidan da ake taron addu'a a ƙauyen da babu izinin gini. Marayu da muke ɗauka domin neman kuɗin makaranta. Har ma rumbunan baikon godiya na kaka, da shanun huɗa da injin ban ruwa da wani ya saya mana, a zamanin da ɓarayi da masu garkuwa da mutane suke neman sanin wa ya samu. Waɗannan su ne hotunan da masu taimako suka fi so, gama su ne ke taɓa zuciya. Su ne kuma muka fi turawa da asalinsu domin su fita da kyau.

A nan ne abin yake da ban mamaki, ina kuma so dattawa su saurara. Hoton da matasa ke watsawa kullum a WhatsApp ba shi ne ya fi haɗari ta wannan fuska ba. In ka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi ya rage masa nauyi, a cikin haka kuma bayanan EXIF suna zubewa. Facebook da Instagram ma suna cire su daga kwafin da jama'a ke gani, ko da yake kamfanin shi kansa ya riga ya karanta. Amma in ka tura shi a WhatsApp a matsayin takarda, wato ta maɓallin da aka rubuta Document, domin mai buga bana ko kalanda ya ce yana son mai kauri, to ya tafi da kayansa duka. Haka in ka maƙala shi a imel, ko ka ɗora a Google Drive ka ba da mahaɗi, ko ka cire memori ka ba mai shagon wankin hoto. Ta Bluetooth da Xender ma fayil ne ake kwafewa, ku ɗauka ya tafi da komai sai in kun duba kun ga akasin haka. To, su wa ke amfani da waɗannan hanyoyi? Sakatare, ma'aji, fasto, mai rubuta rahoto zuwa gunduma ko zuwa ƙasar waje. Wato mu da muke tsawata wa yara a kan waya, mu ne muka fi barin ƙofa a buɗe.

Maganin ba shi da tsada, ba ya kuma bukatar zuwa makaranta. Abu na farko shi ne a toshe daga tushe. A buɗe kyamarar waya, a shiga saitinta, a nemi inda aka rubuta Location ko wata kalma mai kama da ita, a kashe. Ko a shiga saitin wayar, wurin izinin manhajoji, a hana kyamara sanin wuri. Daga ranar hotuna sababbi za su fito babu lambobin wuri, ko da yake kwanan wata da sunan waya suna nan. Tsofaffin da ke cikin waya kuwa ba su canza ba, nasu yana jikinsu. Domin a san ko hoto yana ɗauke da wuri, a buɗe shi, a ja shi sama da yatsa ko a taɓa ɗigo uku a shiga bayanansa. In an ga taswira ko sunan gari, yana ciki.

Domin wanke tsohon hoto, hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramar waya ita ce a buɗe hoton ya cika fuskar waya, a yi sikirinshot, a tura wannan maimakon na asali. Sabon hoton bai gaji lambobin tsohon ba. Ko a tura shi ta WhatsApp ta hanyar da aka saba zuwa wata waya ta gida, a yi amfani da kwafin da ya isa can. Kyan hoton zai ɗan ragu, amma ya isa rahoto da takarda irin wannan. Masu iPhone, tun 2019 akwai wurin kashe wuri a cikin zaɓin da ke fitowa sa'ad da za a tura hoto, wayoyin Samsung ma suna da irinsa. In ana bukatar hoto mai kauri domin bana, sai a bi ta kwamfuta: a Windows a danna hoton da hannun dama, a shiga Properties, sa'an nan Details, a ƙasa akwai layin da ke cire bayanan mutum ya yi sabon kwafi. Bayan an wanke, a sake dubawa kafin a tura, kamar yadda mace ke sake duba shinkafa bayan ta tsince. A kuma canza sunan fayil, gama wayoyi da yawa suna rubuta shekara da wata da rana da sa'a a cikin sunan kansa.

Gargaɗi ɗaya a nan. Akwai shafukan intanet da ke cewa ka ɗora hotonka su wanke maka kyauta. Ku yi tunani: kafin su wanke, sai ka miƙa musu hoton da lambobinsa duka, ba ka san su ba, ba ka san ƙasar da suke ba. Hoton furanni kam a kai musu. Hoton mutumin da muke ɓoyewa kada ya je can. Haka kuma waɗannan manhajojin kyamara da ma'aikatan ƙungiyoyi ke amfani da su, masu buga taswira da lambobi da sa'a a fuskar hoton kansa domin a tabbatar an je wurin aiki. Suna da amfani ga hoton rijiyar burtsatse ko ginin aji. Amma abin da aka buga a fuskar hoto, ba WhatsApp ba sikirinshot da zai cire shi. Wanda ya saba da irin wannan kyamara a wurin aikinsa kada ya ɗauki baftisma da ita.

Sai dai kada mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago. Ban ce a goge hotuna na asali ba, gama rubutun nan da ke iya tona asiri shi ne kuma ke iya tsaya mana shaida. A ce an shiga filin ikilisiya an tuge iyaka, ko shanu sun cinye gonar wata gwauruwa, ko an wayi gari an fasa tagogin majami'a. Hoton da ke ɗauke da rana da sa'a da wuri ya fi ƙarfi a gaban hakimi ko 'yan sanda ko alƙali, bisa ga wanda aka wanke aka tura hannu biyar. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta ba kotu damar karɓar shaidar da ta fito daga na'ura in an cika sharuɗɗanta, lauya kuwa zai fara tambayar ina na asalin yake, a wace waya aka ɗauka. Saboda haka a irin wannan rana a kunna lokeshin da gangan, a ɗauka, a kashe. Na asali ya zauna wurin mutum ɗaya amintacce, a memori ko kwamfutar da ba a ba yara su yi wasa da ita. Wankakken kwafi shi ne mai fita waje. Yadda muke ajiye takardar fili a akwati mu ba da kwafinta, haka za mu yi da hoto.

In an gama da bayan hoto, saura gabansa, shi kuwa babu maɓallin da ke wanke shi sai idon mutum. A 2018 wani bidiyo ya bazu inda sojoji suka harbe mata biyu da yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta fara cewa ƙarya ce, wasu suka ce a Mali ne. Masu bincike na BBC Africa Eye tare da wasu suka ɗauki siffar tsaunin da ke bayan mutanen, suka gwada da hotunan tauraron ɗan'adam, har suka gane wurin kusa da Zelevet a arewacin Kamaru, dab da iyakar Nijeriya. Da tsawon inuwar sojojin suka lissafa cewa tsakanin Maris da Afrilu 2015 ne. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Can an yi amfani da wannan basira domin adalci, amma basirar ba ta zaɓen hannun da za ta shiga. Mu kuma ƙasar duwatsu muke. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Kudu zai gane duwatsunta a hoto ko daga nesa, haka na wajen Farin Dutse da Fagam. Ga allon makaranta, ga bajen rigar ɗalibi, ga lambar babur, ga zanin zumuntar mata da sunan gunduma a jikinsa. Kafin a tura hoton da ke da nauyi, mutum biyu su zuba masa ido su tambayi kansu: in baƙo mai mugun nufi ya ga wannan, me zai koya? In akwai abin yankewa, a yanke, sa'an nan a yi sikirinshot na yankakken, domin wasu wayoyi suna ajiye cikakken hoton a ƙarƙashi don a iya mayar da shi.

Yanzu ga abin da ya fi mini nauyi. Duk wannan wanke-wanke ba ya maye gurbin tambaya. Sau nawa muka tambayi wanda ake yi wa baftisma ko yana so a ɗauke shi? Yana fitowa daga ruwa, wayoyi ashirin suna kansa, kafin ya canza riga hotonsa ya hau sitatus. Mu murna muke yi, shi kuwa shi zai koma gida ya fuskanci kawunansa. Sau nawa muka jera marayu muka ɗauka muka aika Turai, ba mu gaya wa kakarsu inda hoton zai je ba? Mutum ba ya rasa mutuncinsa don ya karɓi buhun masara daga hannunmu. Dokar ƙasa ma ta san da wannan. Sashe na 37 na Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da saƙonninsa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta lissafa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanai masu tsanani da ba a wasa da su, ta kuma ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Hoton baftisma kuwa addinin mutum yake bayyanawa, hoton ziyarar asibiti kuma lafiyarsa. Abin kunya ne a ce sai gwamnati ta tuna mana abin da ya kamata mu riga ta sani.

Wani lokaci masu taimako ne ke matsa lamba, su ce ba hoto ba kuɗi, su ce suna son fuska, suna son sunan ƙauye domin masu bayarwa su yi addu'a. Ba na zarginsu, su ma ana tambayarsu lissafi. Amma a gaya musu a fili, cikin ladabi, cewa ga abin da za mu iya bayarwa ga wanda ba za mu iya ba, ga kuma dalili. A ba su hoton hannuwa, hoton taro daga baya, hoton ginin da rasit. Wanda ke ƙaunarmu da gaske zai gane. In wani ya nace sai fuskar yarinyar da muke ɓoyewa, gara kuɗinsa ya wuce.

Roƙona ga majalisar dattawa ta kowace ikilisiya shi ne a sa wannan magana cikin ajandar zama mai zuwa, kada a bar wa matasa su yanke, gama ba su da ikon hana ɗan dattijo ɗaga waya. A naɗa mutum ɗaya ko biyu masu ɗaukar hoto a baftisma da tsarkake jarirai da rabon taimako, mai sanarwa ya roƙi sauran su mai da wayoyinsu aljihu har a tashi. A tambayi mai baftisma tun a ajin shiri, shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba inda zai ji kunyar cewa a'a. Duk hoton da zai fita da sunan ikilisiya ya bi ta hannun wanda ya iya wankewa. Wayar fasto da ta sakatare su sami makulli, in za a kai su caji ko gyara ko a sayar, a cire memori tukuna, gama hotunan shekara biyar na ikilisiya suna iya kwana a shagon da ba mu san mai shi ba.

Mu a wurinmu mun fara da abu ƙarami. Ran wata Lahadi bayan sujada muka roƙi kowa ya tsaya da wayarsa a ƙarƙashin bishiya, matasa huɗu suka bi layi suna kashe lokeshin a kyamara, suna nuna wa kowa inda ake duba bayanan hoto. Bai kai sa'a ɗaya ba. Iyaye mata ne suka fi yawan tambaya, musamman masu 'ya'ya mata a makarantar kwana. Duk ikilisiyar da ba ta da wanda ya iya, ta aiko ta hannun sakataren gunduma, za mu turo yaran, kuɗin man babur kawai za a ba su.